Talakawan biranen Birtaniya a zamanin masaƙu: tausayi ne ya kawo gyara, ko tsoro?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina karatu kan juyin juya halin masana'antu a Birtaniya, sai na ci karo da wasu alƙaluma da suka hana ni sakat. A rahoton da Edwin Chadwick, wani jami'in gwamnati, ya fitar a 1842 kan tsaftar unguwannin ma'aikata, an lissafa shekarun da mutane ke mutuwa a kai. A Manchesta, iyalan leburori matsakaicinsu shekara 17 ne, iyalan manyan gari kuma 38. A Liverpool leburori 15. Amma a Rutland, wadda karkara ce, lebura na kaiwa 38, daidai da mai hali na Manchesta. Kuma a lokacin fa Manchesta ce ke saƙa wa duniya tufa.

Tambayata biyu ce. Yaya zaman yake a zahiri, cikin ɗaki da tsakar gida, me suke ci, wane ruwa suke sha? Sannan littafinmu na makaranta ya jero dokoki ne kawai, 1833, 1848, 1875, tamkar wasu masu imani ne suka ga abin tausayi suka tashi suka gyara. Raina bai kwanta da wannan ba. Tausayi ne ya kawo gyaran, ko wani abu ne ya tilasta?

Tsohon Duba-gari ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Aikin duba-gari na yi har na ajiye, kuma aikin namu daga waɗannan unguwannin ya samo asali, don haka bari in ba ki abin da na sani.

Manchesta a 1801 mutum kusan 75,000 ne, zuwa 1851 ta haura 300,000. Ba wanda ya tsara inda wannan jama'a za ta kwana. Mai kuɗi ne zai sayi fili kusa da masaƙa ya cusa gidaje iya yadda filin zai ɗauka, tunda ba dokar gini. A Leeds da Birmingham ginin da ya fi yawa shi ne na baya-da-baya: gida biyu sun jingina da bango ɗaya, dama da hagu maƙwabta ne, ƙofa da taga ta gaba kaɗai. Iska ba ta da inda za ta shiga ta fice. A Liverpool kuwa ana jera gidajen ne a kewaye da wani matsattsen tsakar gida, mashigarsa ɗan lungu mai rufi, can ƙarshensa masai da juji. Wanda hayar wannan ta fi ƙarfinsa sai ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Dubun-dubatar mutanen Liverpool a irin waɗannan ɗakunan suke kwana a shekarun 1840. Daɓe danshi, rufi ƙasa-ƙasa, in aka yi ruwan sama ƙazantar titi ta gangaro ta same su a kan shimfiɗarsu.

Wani likita, James Kay, ya zagaya Manchesta a 1832, ya tarar da wani layi mai suna Parliament Street inda mutum 380 ke amfani da masai ɗaya. Rami ne. In ya cika, masu kwasa su zo da dare, amma sai in mai gidan haya ya biya su. In bai biya ba, ya tumbatsa ya malala tsakar gida inda yara ke wasa. Ruwan sha kuwa a hannun kamfanoni masu zaman kansu yake. Famfo ɗaya ga layi guda, a sake shi na ɗan lokaci a wasu ranakun mako, mata su tara a tukunya da baho su ajiye a ɗakin da ake kwana. Wadda ta yi dakon ruwa zuwa hawa na uku ba za ta zubar da shi bayan wanki ɗaya ba.

Sai kwalara ta sauka a Sunderland a ƙarshen 1831. Ta sake dawowa a 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum sama da 50,000 a Ingila da Wales. Tarin fuka da zazzaɓi sun fi ta kisa a kowace shekara, amma su a hankali suke ci, kuma galibi talaka suke ci. Kwalara kuwa mutum zai wayi gari lafiya, kafin dare ya zama gawa, kuma ba ta tambayar aljihu. Dokar lafiyar jama'a ta 1848 a ƙarƙashin wannan fargabar aka yi ta. Ko ita ɗin ma ba ta da haƙori sosai: gari ba ya kafa hukumar lafiya sai in kashi ɗaya cikin goma na masu biyan haraji sun nema, ko mace-mace sun haura 23 cikin 1,000 a shekara. Masu gidajen haya su ne ke zaune a majalisun gari, su ne za su biya kuɗin magudana, to ina za su nema? A 1854 aka tunkuɗe Chadwick daga kujerarsa ta hukumar lafiya ta ƙasa.

Akwai abin da ke sosa mini rai a nan. Chadwick da yawancin likitocin lokacin sun yi imani wari ne ke kawo cuta. Don haka a Landan aka ba da umarnin a rufe ramukan masai a tura ƙazantar cikin magudana, magudanar kuma a Kogin Thames take zuba, kogin da kamfanoni ke ɗiban ruwan sha. Niyya mai kyau, sakamako gawa. Wani likita, John Snow, shi ne ya tsaya kan cewa ruwa ne. A ƙarshen Agusta 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, amsa ta yi ta komawa ga famfon tuƙa-tuƙa na Broad Street. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke layin ba su kamu ba, don ba sa shan ruwan famfon. Gidan gajiyayyu na Poland Street mai mutum 535 yana da rijiyarsa, biyar kaɗai suka mutu. Wata gwauruwa kuma can Hampstead, nesa da unguwar, ta mutu, ashe kullum ana kai mata ruwan famfon a kwalba don tana son ɗanɗanonsa. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin masai na gida mai lamba 40, inda aka zubar da ruwan wankin ƙyallen wata jaririya mai gudawa, yana yoyo dab da rijiyar. Mutum 616 suka mutu. Duk da haka hukuma ba ta yarda da shi ba, har ya rasu a Yunin 1858.

A bazarar 1858 ɗin ne zafi ya tsananta, Thames ya ja baya, ƙazantar miliyoyin mutane ta fito fili tana tashi. Ginin majalisar dokoki a bakin kogin yake. Aka jiƙa labule da sinadari aka rataya a tagogi, bai yi magani ba. Abin da aka shekara da shekaru ana jan ƙafa a kai, cikin kwana 18 aka zartar da dokarsa, aka ba da izinin cin bashin fam miliyan 3. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai mil 82 da ƙanana kusan mil 1,100. Kwalarar ƙarshe a Landan, ta 1866, ta faɗa wa gabashin birnin ne, inda aikin bai kammala ba kuma ana ba mutane ruwan da ba a tace ba. To ki auna da kanki. Gawarwakin Soho ba su motsa majalisa ba, sai da warin ya shiga hancinsu.

Malamin Lissafi ya amsa:

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni gyara ɗaya zan yi wa ƙanwata kan wannan 17 ɗin, don kada ta rubuta a jarrabawa cewa ma'aikacin Manchesta yana mutuwa ne yana shekara 17. Lissafin ya haɗa da jarirai. In a gida ɗaya jarirai uku suka mutu kafin yaye, uba kuma ya kai 60, matsakaicin zai faɗo ƙasa warwas. Abin da alƙalumman ke faɗa shi ne yara ne ke mutuwa: rahoton ya nuna fiye da rabin 'ya'yan ma'aikatan Manchesta ba sa kaiwa shekara biyar. Ga kuma garin cike da matasa 'yan ci-rani, tsofaffi kaɗan ne, wannan ma yana jan lissafin ƙasa. William Farr, wanda ya fi Chadwick iya ƙididdiga, ya lissafa cewa jaririn da aka haifa a Liverpool a 1841 yana da tsammanin shekara kusan 26, na Surrey, wadda galibi karkara ce, kuma 45. Tazarar tana nan, ba ta dai kai yadda ta fara bayyana ba.

Kuma a lura, mutuwar jarirai a Ingila ta tsaya a wajen 150 cikin 1,000 har zuwa 1900, bayan duk magudanan nan. Manya da yara masu tasowa sun fara samun sauƙi tun shekarun 1870, jariri bai samu ba.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce ta sa na sa baki. Jariri bai samu sauƙi ba don shi ba a titi yake ba, a ɗaki yake, kuma gyaran bai shiga ɗaki ba.

Ƙanwata, kin tambayi yadda zaman yake. Ki ɗauki mako guda na matar lebura. Ran Asabar da yamma ake biyan albashi. Ta biya haya, ta biya bashin mai kanti, ta je kantin jingina ta karɓo kayan fitar mijinta da takalman yara don a sa ran Lahadi. Litinin da sassafe ta naɗe su cikin ƙyalle ta mayar da su kantin, ta karɓi 'yan sulallan da za su kai su Asabar, da kuɗin ruwa a kai. Mako-mako haka, kaya ɗaya, kanti ɗaya. Abinci burodi ne da dankali da shayi, nama in an samu na mai gida ne, don shi ne zai fita aiki, in ya faɗi kowa ya faɗi. Uwa ita ce ta ƙarshe a ci. Burodin ma masu gashi suna zuba masa alif don ya yi fari, madara a tsinka ta da ruwa. A Bradford a 1858 wani mai alewa ya so ya algusa sukarinsa da wani farin gari mai arha, aka yi kuskure aka ba shi guba, mutum kusan 20 suka mutu, sama da 200 suka kwanta.

Wadda ke aiki a masaƙa kuwa ba ta daɗewa bayan haihuwa take komawa bakin inji. Jaririn a bar wa wata tsohuwa ko yayarsa 'yar shekara bakwai, a ba shi jiƙaƙƙen burodi, in ya dame su da kuka a ɗura masa wani ruwan magani mai ofiyom da ake sayarwa a kowane kanti. Yaron zai yi barci, ya daina neman abinci, ya rame. Ba na ganin laifin uwayen nan ko kaɗan. Wadda ta ƙi komawa aiki, yaran da suka rage ne za su kwana da yunwa.

Kuma kada a manta da dokar 1834, wadda ita ma gyara aka kira ta. Ta ce mai lafiya da ke neman taimako sai dai ya shiga gidan gajiyayyu, kuma da gangan aka tsara zaman ciki ya fi na lebura mafi talauci wuya, don kada kowa ya yi sha'awa. A bakin ƙofa ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta. A Andover a 1845 an tarar da mazan da aka sa aikin dakan ƙasusuwa don yin taki suna faɗa kan ɓargo da ruɓaɓɓen naman da ke jikinsu. Ga dokar 1832 da ta ba da damar miƙa gawar da ba wanda ya nema ga makarantun likita a yi darasi da ita. Shi ya sa ko matar da ba ta da na sayen sabulu ba ta fasa zuba kwabo-kwabo a ƙungiyar jana'iza duk mako. Chadwick ɗin da Baba ya ambata yana cikin waɗanda suka tsara dokar 1834 ɗin.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Baba, Malam, da Anti. Na fahimci batun ruwa da magudana. To gidajen fa? Na ga dokar gidaje ta 1875 ta ba garuruwa ikon rushe unguwannin da suka lalace. Waɗanda aka rushe wa, an gina musu wasu ne?

Tsohon Duba-gari ya amsa:

'Yata, a nan gizo ke saƙar. Rusau ya riga gini da shekaru masu yawa. Tun kafin dokar, kamfanonin jirgin ƙasa suna ratsa layukansu ta unguwannin talakawa don nan fili ya fi arha. Unguwar Agar Town gaba ɗaya aka share a shekarun 1860 don tashar St Pancras. Mai gida ake biya diyya, ɗan haya a ba shi 'yan kwanaki ya kwashe. Kuma ba zai iya nisa ba. Ɗan dako dole ya kasance a ƙofar tashar jiragen ruwa da asuba lokacin da ake zaɓen masu aikin ranar, ba shi da kuɗin mota. Sai ya koma layi na gaba, cunkoso ya ƙaru, haya ta tashi. Joseph Chamberlain, magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876, ya karɓe ruwa da gas daga hannun kamfanoni ya mayar wa gari, wannan aiki ne na a yaba. Amma da ya rushe tsakiyar gari, katafaren titin kasuwanci aka shimfiɗa, Corporation Street, waɗanda aka kora kuma aka bar su su nemi mafita.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Old Nichol a gabashin Landan. A can jariri ɗaya cikin huɗu ba ya cika shekara. Hukumar Landan ta rushe ta a shekarun 1890, ta kori mutum sama da 5,700, ta gina kyawawan benaye na jan bulo da aka buɗe a 1900, suna nan tsaye har yau. Cikin mutanen da aka kora, 11 kaɗai suka samu shiga. Hayar ta fi ƙarfinsu.

Ba zan ce babu masu tausayi ba, zalunci ne in faɗi haka. Dakta William Duncan, wanda Liverpool ta naɗa jami'in lafiyar gari a 1847, na farko a ƙasar, ya shiga ɗakunan ƙasan nan da ƙafarsa tun yana likitan talakawa. Lord Ashley, wani ɗan majalisa, ya shafe rayuwarsa yana faɗa kan yaran masaƙu da na ramukan kwal. George Peabody, attajiri ɗan Amurka, ya ba da fam 150,000 a 1862 don gina wa talakawan Landan gidaje. Sai dai gidajen irin nasa mai aiki tsayayye ne ke iya biya, kuma akwai ƙa'idoji masu tsauri. Mai wanki a ɗaki da mai talla da ɗan aikin yini duk suna waje.

Abin da ya fi taɓa ni, don aikina ne, shi ne na Glasgow. Tun shekarun 1860 ake auna ƙananan ɗakunan haya, a buga ɗan faranti na ƙarfe a ƙofa ɗauke da adadin mutanen da doka ta yarda su kwana a ciki. Duba-gari su zo tsakar dare da fitila, su buga ƙofa, su ƙirga kawuna. Iyaye na ɓoye yara a ƙarƙashin gado da cikin kabad. Wanda aka kama da ƙari a kai shi kotu. Mutumin da ya tara iyalinsa takwas a ɗaki ɗaya ba don yana so ba ne, abin da albashinsa ya iya kama masa ke nan. An hukunta shi kan cunkoso, ba a gina masa ɗaki na biyu ba.

Ɗan Ƙwadago ya amsa:

Baba, da girmamawa, ku duka kuna magana kan abin da manya suka ji, ko tausayi ko tsoro. Su talakawan fa, zama suka yi suna jira?

A duba jerin shekarun. Dokar 1848 ta ce in gari ya ga dama. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta ce dole: kowace hukuma ta samar da ruwa da magudana, ta naɗa jami'in lafiya. Me ya faru a tsakani? A 1867 aka ba magidantan birane 'yan ƙwadago ƙuri'a, a 1872 aka mayar da zaɓe na sirri yadda mai masaƙa ba zai san wanda ma'aikacinsa ya zaɓa ba. Kafin nan an kai wa majalisa koke uku kan ƙuri'a, 1839 da 1842 da 1848, da sa hannun miliyoyi, duk ta yi watsi da su. Algus ɗin da Anti ta faɗa, ma'aikata 28 a Rochdale ba su jira doka ba, a 1844 suka haɗa kuɗi suka buɗe kantinsu na gari da man shanu da sukari marasa haɗi. A 1888 'yan mata kusan 1,400 masu yin ashana a unguwar Bow ta gabashin Landan suka ajiye aiki kan tarar da ake zaftare musu, a masana'antar da sinadarin ashana ke ruɓar da muƙamuƙin ma'aikata, kuma suka yi nasara. Shekara ta gaba 'yan dakon tashar Landan suka yi mako biyar suna yaji har suka samu sisi a awa.

Tsoro ma akwai wani iri da ba a ambata ba. Wani mai bincike, Charles Booth, ya tarar da kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Landan cikin talauci. Seebohm Rowntree ya ƙirga York a 1899 ya samu kusan kashi 28, ya nuna iyali mai mutum biyar na buƙatar sule 21 da kwabo 8 a mako don a rayu kawai, kuma da yawa masu aiki cikakke ba sa samun haka. A shekarar ce aka fara yaƙi a Afirka ta Kudu, Manchesta ta fito da masu son shiga soja kusan 11,000, aka mayar da kusan 8,000 gida don jikinsu bai kai ba. Daular da ba ta da sojoji ta firgita. Abinci a makarantu ya zo a 1906, duba lafiyar ɗalibai 1907, fanshon sule 5 a mako ga mai shekara 70 a 1908, inshorar rashin lafiya 1911.

Batun haya kuwa matan Glasgow ne suka karya shi. A 1915 maza na bakin daga, masu gidaje suka ƙara haya. Mary Barbour da matan unguwar Govan suka ƙi biyan ƙarin. Mace ɗaya za ta zauna gadi a bakin bene da ƙararrawa, in ta hango masu fitar da mutane ta kaɗa, mata su fito da garin fulawa da jiƙaƙƙun tsummoki su tare matakala. Zuwa Nuwamba gidaje kusan 20,000 ba sa biya, ma'aikatan ƙera jiragen ruwa suka ce za su ajiye aiki, a Disamba majalisa ta mayar da haya yadda take kafin yaƙi. Dokar da ta tilasta wa hukumomin gari su gina gidaje da tallafin gwamnati sai 1919 ta zo, shekara 77 bayan rahoton Chadwick. An yi alƙawarin gida 500,000, aka gina kusan 213,000 kafin a datse kuɗin.